Yadda Za Mu Kare Lemu Daga Ruɓa da Ƙwari Bayan Girbi

'Yan'uwa manoma, aikin lemu ba ya ƙarewa ran da aka tsinke shi. Lemun da zai yi doguwar tafiya, ko daga Binuwai zuwa Jamhuriyar Nijar a babbar mota, ko ƙetare a jirgin ruwa, abokan gaba biyu ne ke jiransa: funfuna da tsutsa.

Funfuna

Mun san lemun da kan yi laushi, ya yi fari-fari, daga baya ya koma kore. Wannan funfuna ba ta iya shiga ɓawo mai lafiya, sai ta sami rauni. Saboda haka yawancin ruɓar da kan bayyana a hanya, a gona aka shuka ta. Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Kada mu girgiza itace ko mu kaɗo lemu da sanda. Mu yanka da almakashi dab da ɓawo, don kada tsinken ya soki na kusa da shi.
2. Kada mu tsinka da raɓa ko bayan ruwan sama. Jiƙaƙƙen ɓawo yana saurin ƙujewa, ya bar tabo.
3. Lemun da ya faɗi ƙasa ba ya shiga kaya.
4. Mu tsoma lemu cikin ruwan sodar yin burodi, giram 30 a lita 1, sa'an nan mu shanya shi a inuwa ya bushe sarai.
5. Akwatu mai ramukan iska ya fi buhu. Ruɓaɓɓe guda ɗaya yakan ɓata akwatu duka, don haka mu tsince shi nan da nan.

Tsutsa

Ƙudan 'ya'yan itace yana huda ɓawo ya zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki, alhali daga waje lemun yana da kyaun gani. Wani mugun irinsa daga Asiya ya ɓulla a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya kai Afirka ta Yamma. Maganinsa na farko tsabtar gona ce. Kowane mako mu tsince lemun da ya zube, mu binne shi a rami mai zurfi, ko mu ɗaure a baƙar leda mu bar shi a rana. In gona ɗaya ta yi, maƙwabciyarta ba ta yi ba, aikin banza ne. A nan ne amfanin ƙungiya yake.

Masu saye a ƙetare ba sa wasa da wannan. A 2022 Tarayyar Turai ta sa doka cewa lemun zaƙi daga ƙasashen da ke da wata tsutsar lemu ta Afirka, har da Afirka ta Kudu, sai an sanyaya shi kwanaki da dama kafin ya shiga kasuwarta. Tsutsa ɗaya tana iya sa a ƙi kayan ƙungiya gaba ɗaya.

Mu tattauna waɗannan a taron ƙungiya kafin girbi. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu.