Idan Ciwo Ya Shiga Sansanin 'Yan Ƙwallo, Wa Ke Da Ikon Ɗage Wasa?

Ranar 7 ga Mayun 2006 ita ce ranar rufe gasar Firimiya ta Ingila. Tottenham tana mataki na huɗu, ta fi Arsenal da maki ɗaya tak, kuma mai wannan gurbi shi zai tafi gasar Zakarun Turai. Cikin dare, a otal ɗin da suka sauka a Landan, 'yan wasanta kusan goma suka kamu da amai da gudawa. Da gari ya waye koci Martin Jol da shugabannin kulob ɗin suka nemi a ɗage karawarsu da West Ham. Abin da aka yi musu tayi bai wuce jinkirin 'yan sa'o'i ba, wanda ba zai tayar da mara lafiya ba. Haka suka fita fili jiki babu ƙwari, aka ci su 2-1. Arsenal ta doke Wigan 4-2 a wasanta na ƙarshe a filinta na Highbury, ta haye sama. Da farko an zargi abincin daren, amma binciken jami'an lafiya ya karkata ga ƙwayar cutar norobairos, wadda ke bi daga mutum zuwa mutum.

Mai kallo zai ce, mutum goma a kwance, me ya hana a jira kwana biyu? Amsar tana cikin yadda aka gina gasar kanta.

Da farko dai, ciwo ba ya wahalar zagaye 'yan ƙwallo, duk da ƙarfin jikinsu. Mutum ashirin da wani abu ne suke canza kaya a ɗaki ɗaya, su shiga mota ɗaya, su ci a teburi ɗaya, mai tausa ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Norobairos kan kwantar da mutum kwana ɗaya zuwa uku, kuma ko ya miƙe yana iya ci gaba da shafa wa wasu. Babbar ɓarnarta ita ce ruwan da take zuƙewa daga jiki. Ɗan wasan tsakiya yakan yi gudun kilomita goma ko fiye a wasa guda, to wanda ya kwana yana zawo da me zai yi wannan gudun? Shi ya sa likitan kulob, da ya ga mutum na biyu ya kwanta, yake raba su da sauran, wani lokaci ma a rufe filin atisaye baki ɗaya.

Sai dai likita shawara kawai yake bayarwa. Kulob ba shi da ikon cewa yau ba ni zuwa. Hukumar da ke shirya gasa ce ke ɗage wasa, ita kuma ba zafin jikin 'yan wasa kaɗai take dubawa ba. Akwai wasannin Firimiya 380 da za a cusa tsakanin Agusta da Mayu, ga kofunan cikin gida, ga wasannin Turai a tsakiyar mako, ga hutun wasannin ƙasashe. Gidajen talabijin sun biya maƙudan kuɗi don a buga a sa'ar da aka yi alkawari, 'yan sanda sun tsara ma'aikatansu, magoya baya sun sayi tikiti sun kamo hanya. A ranar rufe gasa kuma dole a take wasanni duka a lokaci guda, don kada wata ƙungiya ta shiga fili ta riga ta san sakamakon abokiyar hamayyarta. Wannan ne ya ɗaure Tottenham.

Akwai kuma abin da ya sa ba ta yi gigin ƙin fita ba. A Disambar 1996, mura da rauni sun hana Middlesbrough amfani da 'yan wasa 23, sai ta fasa zuwa wasanta da Blackburn ba tare da izinin hukuma ba. Aka ci ta tarar fam 50,000, aka zabtare mata maki uku. Da kakar ta ƙare ta faɗa ƙaramar gasa, alhali da an bar mata makin nan uku da ta tsira. Tun daga ranar kowane shugaban kulob a Ingila ya gane cewa gara a fita da yara a sha kashi da a zauna gida.

Dokar wasan kanta ba ta san rashin lafiya ba, ƙidaya ta sani: ba a fara wasa, ba a kuma ci gaba da shi, idan ƙungiya ta gaza mutum bakwai. A Nuwambar 2021 an ga inda wannan ƙidaya take kaiwa. Korona ta kwantar da yawancin 'yan Belenenses ta Fotugal, suka fito da mutum tara su fuskanci Benfica, biyu daga cikinsu masu tsaron gida ne. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu bakwai. Mutum bakwai suka dawo, ɗaya ya faɗi, alƙalin wasa ya hura usur ya tashi wasan. Ban ga wanda ya amfana da wannan rana ba, har ita Benfica da ta ɗauki makin.

Annobar korona ce ta tilasta wa hukumomi su rubuta ƙa'ida a fili maimakon duba kowace matsala ita kaɗai. A Maris na 2020, washegarin da aka tabbatar kocin Arsenal Mikel Arteta ya kamu, aka dakatar da Firimiya, ba a dawo ba sai 17 ga Yuni. Daga nan ne aka fara canjin 'yan wasa biyar a madadin uku, wanda daga baya ya zama doka ta dindindin. A kakar 2021/22 ƙa'idar Ingila ita ce: in kana da 'yan wasa 13 da mai tsaron gida ɗaya, sai ka buga. Amma wajen ƙidayar waɗanda babu, ana haɗawa da masu rauni da waɗanda suka tafi wa ƙasashensu wasa. A Janairun 2022 Arsenal ta samu an ɗage wasanta da Tottenham, alhali masu korona a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Rauni da gasar cin kofin Afirka ne suka kwashe mata mutane. Tottenham ta fusata, kuma kafin watan ya ƙare aka gyara ƙa'idar, aka ce sai an nuna aƙalla mutum huɗu da suka kamu. A ganina gyaran daidai ne, kuskuren shi ne yin sa a tsakiyar kaka, bayan wasu sun ci moriyar tsohuwar ƙa'ida wasu kuma sun buga da ragowar mutanensu.

A Italiya rigimar ta ɗauki wata kama: wa ya fi ƙarfi, hukumar ƙwallo ko hukumar lafiya? A Oktobar 2020 jami'an lafiya na yankin Napoli suka hana ƙungiyar Napoli tafiya Turin don karawa da Juventus saboda korona. Juventus ta fito fili ta jira, aka ba ta ci uku da nema, aka kuma cire wa Napoli maki ɗaya. Sai a Disamba kotun wasanni ta ƙoli ta soke hukuncin, aka buga wasan a Afrilun 2021.

Gasar da ake yi cikin wata guda a ƙasa ɗaya ta fi kowacce tsanani, domin babu ranar da za a mayar da wasa. A gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ce duk ƙasar da ke da mutum 11 masu lafiya sai ta buga, ko da babu gola a cikinsu. Komoros ce ta ɗanɗani wannan hukunci. Zuwanta na farko ke nan, ta fitar da Ghana da ci 3-2, ta kai zagayen 'yan 16, ta haɗu da mai masaukin baƙi a Yawunde ranar 24 ga Janairu. Gololinta biyu sun kamu da korona, na ukun yana jinyar rauni. Ɗaya daga cikin biyun, Ali Ahamada, gwajinsa na ranar wasa ya nuna ya warke, amma aka ce bai cika kwanakin killacewa ba. Mai tsaron baya Chaker Alhadhur ne ya sa safar hannu, aka manna masa lamba a riga da salatif. Minti bakwai da farawa aka ba kyaftin ɗinsu jan kati, duk da haka 2-1 kawai Kamaru ta ci su.

An yaba wa jarumtarsu, sun kuma cancanci yabon. Amma ƙa'idar ƙidayar kawuna ba ta auna kowa da mudu ɗaya. Babban kulob da ke da 'yan wasan ƙasa zaune a benci, in mutum shida suka kwanta zai fito da wasu shidan da ba su gaza su ba sosai. Ƙaramin kulob yaran makarantarsa zai ɗebo, kamar yadda Aston Villa, wadda ma ba ƙarama ba ce, ta yi a kofin FA a Janairun 2021, Liverpool ta ci yaran 4-1. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ɗan wasan da ke tsakani, wanda bai kwanta ba bai kuma warke ba. Ana buƙatarsa don a cika lamba, shi ma yana tsoron rasa gurbinsa, sai ya ce wa koci lafiyarsa lau. Gudu mai tsanani da zazzaɓi a jiki yana iya taɓa tsokar zuciya, kuma likitan da zai hana shi albashinsa a hannun kulob yake. Da hukumomin gasa za su ajiye likita nasu mai zaman kansa, a sa sunan da ya soke ya fita daga ƙidayar masu lafiya, a kuma rubuta hakan tun kafin a take wasan farko na kaka, da an sauke wa ɗan wasan da likitan kulob wannan nauyi.