Shin Ko Kun San? Yadda Annoba ke Ɗaga Allurar Mura, Ta Kuma Kayar da Ita

Shin ko kun san murar da ake yi wa allurar rigakafi duk shekara ba murar atishawa da yoyon hanci ba ce, wadda kan wuce cikin kwana uku? Infuluwenza ce, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓɓai da tari. Takan kwantar da ƙato mako guda cur, ta kai tsoho ko mai ciwon suga ko mai asma gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan biliyan 1 a shekara, tana kuma yin ajalin tsakanin 290,000 da 650,000.

Shin ko kun san ba a yin allurarta sau ɗaya a huta? Ƙwayar cutar kullum cikin sauya kama take. Saboda haka duk watan Fabrairu masana kan zauna a ƙarƙashin hukumar su zaɓi nau'o'in da za a haɗa wa ƙasashen arewacin duniya, a Satumba kuma su zaɓa wa na kudanci. Galibin allurar a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarta, aikin kuma kan ci wata shida. Wajen karɓar allurar, yaro iyayensa ke kai shi. Babba kuwa shi zai ɗauki ƙafarsa ya je, bana ya je, baɗi ma ya koma. Shi ya sa duk abin da ya taɓa zukatan jama'a a shekara, sai an gan shi a lissafin waɗanda suka miƙa dantse.

Shin ko kun san korona da farko alheri ta zame wa allurar mura? A ƙarshen 2020 asibitoci sun cika, allurar korona ba ta iso hannun jama'a ba tukuna, likitoci kuma na ta gargaɗi kada cututtukan biyu su haɗu a jikin mutum ɗaya. Sai mutane suka yi tururuwa zuwa wadda ke akwai. A Ingila, 'yan shekara 65 zuwa sama da suka karɓa sun tashi daga kashi 72 cikin ɗari a sanyin 2019–2020 zuwa kusan kashi 81 a na 2020–2021. Tun 2003 aka gindaya wa ƙasashe burin kai wa kashi 75 na tsofaffinsu, Ingila ta yi shekara da shekaru tana lilo a ƙasa da shi, tsoron wata cuta dabam ne ya tsallakar da ita. A sanyin nan ne ma gwamnati ta buɗe allurar kyauta ga 'yan shekara 50 zuwa 64. A Amurka an rarraba allura sama da miliyan 190, manyan da suka karɓa kuma suka ɗan haura rabi.

Shin ko kun san murar ba ta ma zo ba a shekarar? Takunkumin fuska da dokar kulle da tsayar da jiragen sama sun datse mata hanya. A Amurka yara 199 aka tabbatar ta kashe a sanyin 2019–2020, a na 2020–2021 kuwa yaro ɗaya tak.

Wani reshe nata ma ɓacewa ya yi ɗungurungum. Nau'in da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa yana yawo ba tun Maris 2020. A Satumba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cire shi, allurar da ke ɗauke da nau'i huɗu ta koma uku.

Shin ko kun san bayan tashin nan sai aka gangaro, har ƙasa da inda aka faro? Wannan ne abin da ya fi damuna a duk lissafin. A Amurka manyan da ke karɓa sun sauko zuwa kusan kashi 45 a sanyin 2023–2024, alhali kafin korona kashi 48 ne. A Ingila ma'aikatan lafiya masu hulɗa da majinyata, waɗanda sama da kashi uku cikin huɗunsu suka karɓa a 2020–2021, sun koma ƙasa da rabi cikin shekara uku. Mutanen da ke riƙe da sirinji kenan! Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An gaji da allurar korona, ta farko da ta biyu da ta ƙari. An yi sanyi biyu ba a ga mura sosai ba, sai aka raina ta. Sannan gardamar da ta turnuƙe kan allurar korona ta fantsamo kan ta mura, wadda aka shafe shekaru ana yi ba hayaniya. Wani nazari da masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka fitar a 2022 ya nuna haka ƙarara: jihohin Amurka da suka rungumi allurar korona, ta murarsu ma ta ƙaru, waɗanda suka juya mata baya kuwa ta murarsu ta ragu. A ganina tsoro ba ya riƙe mutum fiye da sanyi ɗaya ko biyu. Abin da ke mayar da shi asibiti a shekara ta uku shi ne ko ya gamsu an faɗa masa gaskiya lokacin da ake cikin ruɗani.

Shin ko kun san Faransa ta riga ta ɗanɗana wannan? Lokacin annobar murar aladu ta 2009, gwamnati ta yi odar allura miliyan 94, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 10 cikin ɗari na jama'a ba. Annobar ta zo da sauƙi fiye da yadda aka tsorata, aka yi ta zargin ɓarnar kuɗi da cika aljihun kamfanoni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsofaffin da ke karɓar allurar mura ta shekara-shekara suka sauko daga kusan kashi 64 zuwa 56 a shekara guda, zuwa 2014–2015 kuma ba su kai rabi ba. Sai da korona ta zo suka koma kusan kashi 60.

Ita kuwa Amurka, bayan annobar ta 2009 faɗaɗa ƙofa ta yi. A 2010 shawarar hukuma ta zama kowa ya karɓa, tun daga ɗan wata shida.

Shin ko kun san an taɓa yi wa mutum sama da miliyan 40 allura saboda annobar da ba ta zo ba? A 1976 wata murar aladu ta kashe soja ɗaya a barikin Fort Dix da ke jihar New Jersey. Aka ji tsoron irin annobar murar 1918 ce ta dawo, Shugaba Gerald Ford ya miƙa dantsensa gaban 'yan jarida. A Disamba aka tsayar da shirin, bayan an ga wata lalurar jijiya mai shanye gaɓɓai a jikin kimanin mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa. Har yau masu adawa da allura na kafa hujja da shekarar.

Mu ma mun san yadda zargi ke bin allura. Dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya bar tabon da aka daɗe ana jinya.

Shin ko kun san a Najeriya allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa kowa kyauta? Inda maganarta ta fi shafar mutanenmu shi ne aikin Hajji da Umara, inda miliyoyi ke cuɗanya kafaɗa da kafaɗa, kowa kuma ya san tarin da alhazai kan dawo da shi. Ta sanƙarau dole ce ga maniyyaci. Ta mura kuwa Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya na ba da shawarar a yi ta, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko na suga ko na huhu. Jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin kariyar ta kankama, don haka ba a barinta sai an shiga sansanin alhazai. Ana kuma iya yin ta rana ɗaya da ta korona, ɗaya a dantsen dama, ɗaya a na hagu.