Gatarin Aradu Ba Daga Sama Ya Faɗo Ba

Da zarar an shiga huɗar damina a ƙasar Jere da Kagarko har zuwa Kwoi, garma kan tono wani irin dutse mai santsi, bakinsa da kaifi. Nan take gardama ke tashi. Wani ya ce gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi, a ajiye a ɗaki don tsari. Wani kuma ya yi wurgi da shi, don shi kan mutum-mutumin yumɓu yake nema, wanda dillalai ke saye. Na biyun nan ya fi ci mini rai, domin ɓarnarsa ba ta gyaruwa.

Dutsen nan aikin hannun mutum ne. Ana samo dutse mai tauri, a sassaƙe shi da wani dutsen har ya yi siffa, a yi ta goga bakinsa a kan fa da ruwa da yashi, sannan a ɗaura masa ƙota. Da irinsa mutanen da ake kira Nok suka sare daji suka yi gona. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da kayansu a ƙauyen Nok, a 1943 kuma aka samu wani kan yumɓu kusa da Jama'a, wanda ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka shafe shekaru suna haƙa a kewayen Janjala, maƙwabciyarmu. Abin da ya fi ba su labari shi ne abin da maharan kayan tarihi ke zubarwa: dutsen niƙa, tsingaro, ƙonannun ƙwayoyin gero da wake, da ƙwallon atili. Daga nan aka gane cewa mutanen suna noman gero tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2021 ma an gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu.

Sai ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan narkar da tama da suka kai wajen shekara 2,500. Mutanen Nok kan gina matoya da laka, su jera tama da gawayi, iska ta riƙa shiga ta bututun yumɓu har zafi ya wuce digiri 1,000, datti ya narke ya gangara, curin ƙarfe ya rage a kai maƙera. Wannan baƙin dunƙulen da yara ke harbi da shi a gona, kashin ƙarfe, shi ne shaidar aikin.

Me ya sa na damu da tarkace haka? Bari in kwatanta da wani wuri. A gaɓar teku ta arewacin Chile, wajen garin Arica, an yi wasu masunta da ake kira Chinchorro. Suna yin ƙugiya da ɓawon kifin teku da ƙayar tsiron hamada, su ɗaura dutse a igiya don ta nutse, su tufka igiyar da zaren ciyayi. Wajen shekara 7,000 da suka wuce suka fara adana gawarwakinsu, tun kafin Misirawa. Busasshiyar hamadar Atakama ta ajiye musu kusan komai, har gashi da tabarma, kuma a 2021 UNESCO ta saka wurarensu cikin kayan gadon duniya. Mu ba mu samu wannan gatan ba. Ƙasarmu mai tsami ce, ga ruwan sama, ta cinye ƙashi da itace da fata tuntuni. Dutse da yumɓu da gawayi da kashin ƙarfe kaɗai suka tsira.

Kuma su ma ba sa magana sai an same su inda suka kwanta. Gatari shi kaɗai ba ya faɗin shekarunsa. Gawayi ko ƙwayar geron da ke kwance tare da shi a rami ɗaya ake aunawa a ɗakin gwaji, a san lokacin da itacen ko hatsin ya mutu. Mai haƙan dare idan ya birkita ramin, ya zare kan ya watsar da saura, tamkar wanda ya tsinci takardar gonar gado ne, ya yanke hatimin ya sayar, ya ƙone rubutun. Kan zai iya kaiwa Faransa, kamar waɗanda aka baje a gidan tarihin Louvre a 2000 har aka yi ta cacar baki, amma ba wanda zai ƙara sanin daga wane rami ya fito, ko da me aka binne shi.

Doka dai tana nan tun 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana sayar da irin waɗannan kaya ga wanda ba shi da izini. Akwai gidajen tarihi a Jos da Kaduna da Nok. Amma a tambayi manomi a Jere wa zai sanar idan garmarsa ta bugi tsohuwar matoya, da wuya ya iya faɗa, alhali dillali ya san hanyar gonarsa. A ganina aikin ya kamata ya fara daga masu unguwanni da dagatai da malaman firamare, a nuna musu kashin ƙarfe da gatarin dutse su riƙe a hannu, a ba su lambar jami'in da zai zo idan an kira.