Jan biron malam ya fi makin da ke saman takarda

Ranar da malami ya dawo da takardun gwaji, kusan kowa abu ɗaya yake yi: a leƙa maki, a leƙa na maƙwabci, a ninke takarda a cusa a jaka. Wata ma ƙarshenta wurin mai ƙosai. Abin da malam ya hana idonsa barci yana rubutawa a gefe da jan biro kuwa, ba mai karantawa.

Abin mamaki, duk ɗan Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ya zauna a makarantar allo ya san amfanin gyara. Can ba a ba da maki. Ka rubuta allonka, ka kai wa malam, ya nuna maka wasalin da ka tsallake, ya biya maka, ka koma ka maimaita. Ba ka wanke allo sai karatun ya zauna. Da muka shiga boko sai muka riƙe lamba muka saki gyaran.

A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a kan 'yan makaranta. Wasu ta ba su maki kawai, wasu bayanin gyara kawai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Masu duka biyun ba su fi masu maki kawai ba, don da ido ya faɗa kan lamba, bayanin ya bi ruwa. Kamar ajinmu ta leƙa.

Ga inda abin ya shafe ka kai tsaye. A jarrabawar WAEC, insha'in Turanci ana duba shi ta fuska huɗu: abin da ka faɗa, yadda ka tsara shi, yadda ka sarrafa harshe, da kurakuran rubutu irin na haruffa da aya da waƙafi. Ɗalibai biyu za su iya samun maki ɗaya, amma ciwon kowa daban. Lambar ba za ta gaya maka naka ba, sai layin da malam ya ja. Haka a lissafi: ana ba da maki kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kauce. In malama ta zagaye layi na uku, nan ne matsalar, ba duk tambayar ba.

Gaskiya wasu malaman ma da nasu. Rubuta "ka ƙara ƙoƙari" ba gyara ba ne. Ƙoƙari a ina? Sai dai mai ajin da ya cika maƙil ba zai iya yi wa kowa dogon bayani ba, balle a jihar da aka rufe makarantu a 2021 saboda tsaro, ake ta gudun cike giɓi. Don haka kai za ka bi shi. Bayan darasi ka je da takardarka ka ce, "Malam, don Allah a ina na kauce?" Ke ma in kunya ta hana ki, ki ja ƙawarki ku je tare.

Sannan ka ware shafukan ƙarshen littafinka, ka riƙa rubuta kowane kuskure da gyaransa. Ka sake yin tambayar da ka faɗi ba tare da kallon amsa ba, ka mayar wa malam kafin gwaji na gaba.