HALIBOT: KIFIN DA BA YA SON GAGGAWA

Masu karatu, a can arewacin duniya, a jihar Alaska ta ƙasar Amurka, akwai wani kifin teku da ake kira halibot. Asalin sunan a tsohon Turanci shi ne "kifi mai tsarki", domin Kiristocin Ingila na dā sukan ci shi a ranakun da ikilisiya ta keɓe.

Halittarsa abin mamaki ce. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, bayansa mai duhu, cikinsa fari fat. Idan aka ƙyanƙyashe shi yana da ido ɗaya a kowane gefe kamar sauran kifaye. Bayan wata shida, sai idon hagu ya zagayo ya koma kusa da na dama, kifin kuma ya sauka ya kwanta a ƙasan teku. Wajen girma kuwa, ya kan fi giwan ruwa. A 1996 wani mai suna Jack Tragis ya kama guda da fatsa kusa da tsibirin Unalaska, nauyinsa kilo 208.

To, yaya mutum cikin ƙaramin kwale-kwale zai yi da irin wannan dabba? Masuntan garin Homer, wanda ya yi suna wajen wannan sana'a, sukan lura da lokacin da ruwan teku ya tsaya cik, tsakanin cikowarsa da janyewarsa. A sauran lokuta ƙarfin ruwa kan ɗauke koto daga ƙasa. Sai su jefa anga, su ɗaura dalma mai nauyi a igiya, su sa yankan kifi a ƙugiya mai lanƙwasa, su sauke har ƙasa, su jira.

Kamawar ba ita ce wahalar ba, shigar da shi jirgi ita ce. Babban halibot tsoka ne zalla, bugun wutsiyarsa na iya karya ƙafar mutum ko ya jefa shi cikin ruwa, ruwan kuwa sanyinsa kan kashe jiki cikin 'yan mintoci. Shi ya sa gwanaye kan soke shi da mashi mai igiya, su bar shi ya gaji a ruwa kafin su jawo shi.

Gaggawa ta taɓa cin rayuka a wannan sana'a. Tun 1923 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya don kiyaye kifin, suka kafa hukuma ta haɗin gwiwa. Amma jirage suka yi ta ƙaruwa, hukuma kuma tana ta rage kwanakin su, har a farkon shekarun 1990 masu kama shi don sayarwa ba su da fiye da kwana biyu ko uku a shekara a wasu wurare. Ranar da aka buɗe, ko hadari ko iska, kowa sai ya fita. Ƙananan jirage suka riƙa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu, waɗansu suka nutse, mata suka zama gwauraye. A 1995 aka sauya tsari: aka yanka wa kowane masunci rabonsa, ya kama shi cikin wajen wata takwas. Daga nan mutum ya sami damar duba sama, idan bai ga hali ba ya zauna gida.

Amma tun kafin a yi hukuma, mutanen Tlingit, 'yan asalin yankin, sun san wannan hikima. Sukan sassaƙa ƙugiyar itace mai baki daidai gwargwado: ƙaramin kifi ba ya iya haɗiye ta, ƙato kuma ba ta riƙe shi. Ta haka kwale-kwalensu ya tsira, kifin ma ya tsira, gama kusan dukan manyan halibot mata ne, babbar uwa guda kuwa tana iya zuba ƙwai miliyoyi.

A yau kifin bai kai girman na shekarun 1980 ba, an kuma rage yawan da ake yarda a kama. Saboda haka masunta da yawa, idan suka jawo babbar uwa kusa da jirgi, sukan cire ƙugiya su sake ta. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya saki uwar kifi yau, shi ya bar wa 'ya'yansa sana'a.