Bel ko jakar iska: wanne ne ke ceton rai a hanya?

Masu sauraronmu na Dassasgho da sauran unguwannin Wagadugu, da makiyaya da fataken da ke bin hanyar Kupela zuwa Fada, ko zuwa Sinkanse a iyakar Togo. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Sau da yawa za ka ji mai mota yana cewa, "Ni motata tana da jakar iska, me zan yi da bel?" Jakar iska ita ce wannan balan-balan da ke naɗe a cikin sitiyari da gaban kujerar mai zaman gaba, wadda ke kumbura idan an yi karo. To, ɗan'uwa, maganar nan akwai gyara a cikinta.

Kai da ka saba loda shanu a kasuwar Puytenga ka san abin da ke faruwa in direba ya taka burki da ƙarfi: duk abin da ba a ɗaure ba gaba yake yi. Jikinka ma haka ne. Mota ta tsaya, amma kai kana nan kana tafiya da gudun da take yi. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Babu ƙarfin hannun da zai tare wannan.

Bel shi ne igiyar da ke riƙe ka. Irin wanda muke gani yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ne, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwar mai zaman gaba da kusan rabi. Jakar iska kuwa, lissafin da aka yi a Amurka ya nuna tana rage mutuwar direbobi da wajen kashi 29 cikin 100, shi ma a karon gaba da gaba kawai.

Dalili shi ne, jakar gaba sau ɗaya take fita, nan take kuma ta sace. In mota ta sake bugun wani abu, ko taya ta fashe ta yi ta wuntsilawa, ko an buge ku ta baya, ba ta da sauran abin da za ta yi maka. Bel ne ke hana ka fita ta gilashi, wanda mota ta jefar waje kuwa da wuya ya tsira.

Ka duba tsakiyar sitiyari, za ka ga an rubuta SRS. Ma'anarsa mataimakiyar bel ce, an ƙera ta ne da zaton kana ɗaure. Tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, kafin ƙiftawar ido. Mai bel, ta riga ta kumbura kafin fuskarsa ta iso. Marar bel kuwa karo yake yi da ita tana tsakiyar fitowa, har ta iya karya masa wuya. Saboda haka ka bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinka da sitiyari. Yaran da ba su kai shekara 13 ba su zauna baya. Uwa kada ta riƙe jariri a cinya a kujerar gaba.

Sai batun motocin hannu da ake kawowa daga tashar jiragen ruwan Lome da Kwatano. Wata ta taɓa haɗari, an cire jakar an mayar da murfin, ciki wayam. Ga yadda za ka gwada: ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba, ko ta ƙi mutuwa, ka kai wa makanike. Akwai kuma jakunkunan kamfanin Takata na Japan, waɗanda zafi da laima ke lalata sinadarinsu har su watsa ƙarfe a fuskar mutum. An kira miliyoyin motoci domin canza su, kamfanin ya karye a 2017, amma tsofaffin motoci da dama sun shigo ƙasashenmu ba tare da an canza ba.

Bel ɗin ma a ɗaura shi daidai: na ƙasa ya kwanta kan ƙashin ƙugu, na sama ya bi ta kafaɗa, ba ta hammata ba. Mai juna biyu ta sa na ƙasan a ƙarƙashin ciki. Na baya ma su ɗaura, don in aka yi karo kan direba suke faɗawa. Masu maƙala bel ta bayan kujera don ƙarar ta yi shiru, da masu jawo shi sai an hango jandarma, kansu suke cuta. Babbar riga in ta yamutse, guga na gyara ta.

Rai a hannun Allah yake, amma mai dabba ma yakan ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.