Kare Wanda Aka Kama da Miyagun Ƙwayoyi: Haƙƙinsa da Iyakokinsa a Fiƙihu da Dokar Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci wata tambaya da iyaye ke yawan kawo wa malamai: idan aka kama mutum da miyagun ƙwayoyi, ya halatta a ɗaukar masa lauya, ko yin haka taimako ne a kan saɓo? An bi maganganun malaman fiƙihu, musamman na Malikiyya, aka gwama su da dokokin da kotunan Nijeriya ke aiki da su. Abin da ya bayyana shi ne, kare wanda ake tuhuma wani ɓangare ne na tsayar da adalci matuƙar ba a shigar da ƙarya ko rashawa ba, kuma haƙƙinsa a kan danginsa ba ya faɗuwa da hukuncin kotu.

1.0 Gabatarwa

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Inda masu sha suka kai haka, kamu ba zai zama baƙon abu ba.

Idan labarin kamu ya iso gida, iyali kan rabu biyu. Wani uban sai ya rantse ba zai taka kotu ba, yana cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wani kuma sai ya sayar da gona domin a toshe bakin wanda zai ɓatar da fayil. Na farko yana ganin tsoron Allah ne ya hana shi, na biyu yana ganin zumunci ne ya sa shi. Dukkansu sun kauce wa hanyar da Shari'a ta shimfiɗa.

2.0 Haddi ne ko ta'aziri?

Malamai ba su yi saɓani a kan haramcin abin da ke gusar da hankali ba. Inda suka saɓa shi ne irin uƙubar da ta hau kan mai shan abin da ba ruwa ba, kamar tabar wiwi. Ibn Taimiyya (ya rasu 728 BH) ya riskar da ita ga giya, ya ce a tsayar wa mai shanta haddi. Al-Ƙarafi (ya rasu 684 BH) kuwa, a cikin Al-Furuƙ, ya raba masu taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai gusar da ji da gani gaba ɗaya. Ya sanya wiwi a kashi na biyu, ya ce babu haddi a kanta sai ta'aziri, wato horon da shugaba ko alƙali ke ƙaddarawa gwargwadon maslaha. Fatauci kuwa babu wani haddi da nassi ya yanke masa da sunansa. Shi ya sa hukumomi suka bambanta: Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, a ƙudurinta mai lamba 138 na shekarar 1407 BH, ta yanke kisa ga mai fasa-ƙwaurin ƙwayoyi zuwa cikin ƙasar.

A Nijeriya, dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ita ce ginshiƙi, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron laifukan da ke cikinta. Sashe na 11 na dokar, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004, ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar iblis da makamantanta, ko fitar da su, ko sarrafa su, ko sayar da su. Sannan ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallake su ko ya sha da saninsa, duk da cewa kotuna kan sassauta a aikace. A ma'aunin fiƙihu, waɗannan uƙubobi sun fi kusa da babin ta'aziri. Wannan yana da tasiri, domin ceton da aka hana bayan magana ta kai ga shugaba, kamar yadda Annabi (SAW) ya tsawatar wa Usama (RA) a lamarin matar Bani Makhzum, ya shafi haddi ne. A ta'aziri ƙofar neman sassauci a buɗe take.

3.0 Samun kaya a hannu ba shi ne tabbatar laifi ba

Masu ƙyamar aikin lauya kan kafa hujja da aya ta 105 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana yin husuma domin kare maha'inta. Ya kamata a koma ga sababin saukarta. Malaman tafsiri, cikinsu har da Aɗ-Ɗabari, sun kawo cewa wani mutum daga Bani Ubairiƙ ya saci sulke, da ya ga asirinsa zai tonu sai ya ajiye shi a wurin wani Bayahude. Aka sami kayan a can, dangin ɓarawon kuma suka zo suna neman Annabi (SAW) ya wanke ɗan'uwansu. Riwayoyi sun saɓa a kan sunan wanda aka ɗora wa laifin, amma sun haɗu a kan cewa ayoyin sun sauka suka wanke shi. Ashe ayar da ta hana kare maha'inci ita ce kuma ta kuɓutar da mutumin da aka sami kayan sata a wurinsa.

Irin wannan ya faru a zamaninmu. A ƙarshen 2018 an kama wata matashiya daga Kano a Saudiyya, inda ta je Umra, bayan an sami tiramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin da ta tashi ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. An sake ta a ƙarshen Afrilu 2019, bayan kimanin wata huɗu a tsare, a ƙasar da ke zartar da kisa a kan irin wannan laifi. Da danginta sun ce a bar ta da halinta, da wataƙila an zubar da jinin da Allah Ya haramta.

Malikiyya na cikin waɗanda suka fi faɗaɗa aiki da ƙarina, wato alamar da ke nuni ga laifi. Har Imam Malik ya tabbatar da haddin giya idan adilai biyu suka shaida sun ji warinta a bakin mutum, alhali Abu Hanifa da Shafi'i ba su yarda da haka ba. To amma wari daga cikin mutum yake fitowa, jaka da but ɗin mota da ɗakin haya kuwa hannaye da yawa ke taɓa su. Dokar ƙasa ma ta lura da wannan. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa abin da aka kama ƙwaya ce da doka ta hana, ta hanyar gwajin masana. Cewa abin da aka gwada shi ne wanda aka kama, ba a musanya shi a hanya ba. Cewa yana ƙarƙashin ikon wanda ake tuhuma. Kuma da saninsa. Lauyan da ya tsaya a kan waɗannan, ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace yake aiwatarwa: hujja a kan mai da'awa take, kuma asali shi ne kuɓutar wuyan mutum.

4.0 Wakilci a husuma da iyakokinsa

Wakilta wani a gaban alƙali abu ne sananne tun zamanin Sahabbai. An ruwaito cewa Aliyu (RA) ya kasance yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'o'insa, daga baya ya wakilta Abdullahi bin Ja'afar. Buƙatar ta fi tsanani a yau, inda ake shari'a da Turanci, da ƙa'idojin da ko mai digiri ba ya gane su sai an fassara masa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya ba shi damar kare kansa ko ɗaukar lauya, da tafinta kyauta idan bai jin harshen kotu. Wanda ba shi da hali yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

Sai dai amanar ilimi ta wajabta a faɗi cewa malamanmu sun tsananta. Al-Ƙurɗubi, a tafsirin ayoyin da suka gabata, ya tafi a kan cewa bai halatta mutum ya yi husuma a madadin wani ba sai ya san mai gaskiya ne. Fahimtar da ta fi dacewa, a ganin mai wannan rubutu, ita ce a duba wace gaskiya ce lauyan ke karewa. Halin wanda ake tuhuma ba ya wuce uku. Idan an san ƙazafi aka yi masa, kare shi wajibi ne a kan masu iko. Idan ba a san halinsa ba, neman a kawo hujja a gwada ta haƙƙinsa ne. Idan kuwa lauya ya san ya aikata, to haram ne ya ƙirƙiro labari ko ya tsara shaidun zur, amma yana da damar hana a ɗora wa mai sha laifin dillali, ko a ƙara nauyin abin da aka kama, da kuma bayyana wa alƙali dalilan sassauci. Sashe na 270 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya buɗe hanyar amsa laifi bisa yarjejeniyar rage tuhuma ko uƙuba, wadda sau da yawa ita ce ta fi kusa da gaskiya ga mai irin wannan hali.

A nan akwai bambanci tsakanin mai sha da dillali. Suturta wanda ya zame sau ɗaya abin so ne. Wanda ya mayar da lalata 'ya'yan mutane sana'a kuwa, taimakonsa shi ne a riƙe hannunsa. Kuma kowa ya tuna gargaɗin da ke cikin hadisin Ummu Salama (RA): wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ba shi da gaskiya, yankin wuta aka yanka masa. Rashawa ga mai bincike ko magatakarda ba ta cikin kariya ko kaɗan. An la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

5.0 Iƙirari da tilas

Shari'o'i da yawa a kwanakin farko na tsarewa ake rasa su, lokacin da aka sa mutum hannu a takardar da bai karanta ba. An ruwaito daga Umar (RA) cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan aka bar shi da yunwa, ko aka ɗaure shi, ko aka doke shi. Jumhurun malamai ba sa aiki da iƙirarin wanda aka tilasta, duk da an jingina wa Sahnun karɓarsa daga wanda ya shahara da ɓarna. Dokar ƙasa ta yi daidai da jumhuru. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, ya kuma wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, an kuma kafa dokar hana azabtarwa a 2017. Haka nan sashe na 7 na dokar 2015 ya hana kama wani a madadin wani, abin da Alƙur'ani ya riga ya tabbatar, cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani rai.

6.0 Bayan hukunci

Idan laifi ya tabbata, uƙubar ba ta tsayawa a ɗauri. Kotu na iya ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya, kuma fiƙihu bai ɗauke ta halal ba tun farko, domin abin da aka haramta shansa an haramta kuɗinsa. Ɗan Nijeriya da aka hukunta a waje kan shigar da ƙwaya, dokar ta tanadar masa ƙarin shekara biyar a gida saboda zubar da mutuncin ƙasa. A fiƙihu adalarsa ta faɗi, ba a karɓar shaidarsa sai tubarsa ta bayyana. Ciyar da matarsa da 'ya'yansa bai faɗi daga dukiyarsa ta halal ba, kuma matar na da damar kai kuka idan ta cutu. Misira, a dokarta mai lamba 25 ta 1929, ta dogara da asalin Malikiyya na raba aure saboda cutarwa, ta ba matar wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye damar neman saki bayan shekara ɗaya.

Amma uƙuba tana da ƙarshe. Bukhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata riwayar ya hana a taimaki Shaiɗan a kan irinsa. Wanda ya fito daga gidan gyaran hali ya tarar gida ya rufe masa ƙofa, masallaci yana nuna shi da baki, babu mai ba shi aiki, tsofaffin abokansa ne kaɗai za su yi masa maraba. Dokar NDLEA kanta ta ba kotu ikon haɗa uƙuba da magani da gyaran tarbiyya. Jarabar ƙwaya cuta ce da ke buƙatar likita, kamar yadda take buƙatar wa'azi.

7.0 Kammalawa

Malamin da aka zo wa da wannan tambaya, amsarsa ta ƙunshi abu huɗu: a nemi lauya mai amana tun ranar farko, a gaya masa gaskiya duka, kada a biya ko sisi domin ɓatar da shaida, kuma duk yadda hukunci ya kasance, kada a yanke zumunci. Akwai buƙatar tsangayoyin Shari'a na jami'o'inmu su ware nazari a kan ladubban lauya Musulmi a shari'o'in laifuka, domin ɗalibanmu ne za su tsaya a waɗannan kotuna gobe. Allah ne Mafi sani.